Mabiyana sun haura 12,000 amma ciniki bai motsa ba, in biya kuɗin Hootsuite?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi da mayafai daga gida a Kano, ta Instagram da Facebook, oda kuma ta WhatsApp take shigowa. Mabiyana a Instagram sun haura 12,000, hoto ɗaya yakan samu laik ɗari biyu zuwa uku, amma sai mako ya wuce ban ga alat biyar ba. Wani ya ce in biya kuɗin Hootsuite, wai ita za ta nuna min inda matsalar take. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki biya tukuna.

Hootsuite manhaja ce mai kyau ta kula da shafukan sada zumunta, kamfani ne na birnin Vancouver a Kanada da ya fara aiki tun 2008. Sai dai an gina ta ne don masu riƙe da shafuka da yawa da ma'aikata da yawa, kuma tun 2023 ta rufe tsarinta na kyauta, yanzu da dala ake biya. Alƙaluman Instagram da Facebook da za ta jera miki, daga wurin Meta, kamfanin da ya mallaki su biyun, take ɗebo su, galibinsu kuma suna cikin wayarki yanzu haka. Ba ta ganin asusunki na banki, alhali a nan ne cinikinki yake ƙulluwa ko ya warware.

Ki fara da mayar da shafinki na Instagram ya zama na kasuwanci in ba ki yi ba, kyauta ne, sannan ki buɗe Insights, wato sashen Instagram da ke nuna alƙaluman shafinki. Abu na farko da za ki duba shi ne garuruwan mabiyanki. In kika ga Kano, Kaduna, Abuja, Katsina a sama, alhamdulillahi, kina magana da mutanen da kayanki za su iya kaiwa. In kuwa garuruwan ƙasashen da ba ki taɓa aika ko ɗankwali ba ne suka cika wurin, to yawancin 12,000 ɗin nan ba masu saye ba ne. Hakan yakan faru ga wanda ya taɓa sayen mabiya ko ya yi rabon kyauta da sharaɗin a bi shafi. Suna cika lamba, amma ba sa kallo, kuma idan Instagram ta nuna musu kaya suka wuce, sai ta rage nuna shi ga wasu.

Daga nan ki bar kallon laik. Ki duba mutum nawa kowane hoto ko bidiyo ya kai wa, nawa ne a cikinsu ba mabiyanki ba, nawa suka adana shi, nawa suka tura wa wani. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya faɗa a farkon 2025 cewa abubuwa uku Instagram ta fi aunawa wajen yaɗa abu: tsawon lokacin kallo, laik, da turawa. A sana'arki turawar nan ta fi komai daraja a wurina. Mace takan danna laik don leshi ya burge ta, ta wuce abinta. Wadda ta tura wa yayarta ko zauren ƙawayen amarya kuwa, anko ake nema, kuma odar anko turmi goma ce ko ashirin a lokaci guda. Ki jera abubuwan da kika wallafa cikin wata uku bisa yawan turawa da adanawa, ki kalli biyar na sama da kyau: wane launi ne, bidiyo ne ko hoto, kin sa farashi ko ba ki sa ba.

Babban giɓin yana tsakanin Instagram da WhatsApp, domin da zarar mutum ya tsallaka can, Insights ta daina ganinsa. Ga yadda za ki cike shi. Mahaɗin wa.me, wanda ke kai mutum WhatsApp ɗinki kai tsaye in ya danna, yana ba ki damar haɗa lambarki da saƙon da aka riga aka rubuta. Ki yi guda ɗaya na Instagram mai cewa "Na ga kayanki a Instagram", wani na Facebook mai nasa rubutun. Duk wanda ya danna, saƙon zai zo da shaidar inda ya fito. A WhatsApp Business kuma ki riƙa sa wa kowace hira alama: ta tambayi farashi, ta yi oda, ta biya. Sai ki samu littafi ko Google Sheets, duk ranar Asabar ki rubuta abin da kika wallafa, mutum nawa suka gani, nawa suka yi magana, nawa suka biya. Ki daure da rubutun nan, saboda alƙaluman shafi a Insights na kwana 90 ne kawai za ki iya komawa baya ki gani.

Bayan mako huɗu littafin zai gaya miki inda ciwon yake. In kaya ba sa kai wa mutane, matsalar mabiyan ce ko irin abin da kike sakawa, sai ki ƙara gajerun bidiyo da ke nuna yadi a hannu cikin hasken rana. In ana gani ba a magana, ki duba farashi. Ni ba na goyon bayan ɗabi'ar nan ta ɓoye kuɗin kaya a ce sai an turo saƙo. Mutane da yawa suna jin nauyin tambaya su kasa saye, sai su fasa tun farko. In kuma ana magana ba a biya, to ki duba awa nawa kike ɗauka kafin ki amsa, nawa kike cajin kai kaya, da ko baƙuwa tana da dalilin amincewa ta tura miki kuɗi. A ce mutum 40 suka yi magana, 4 suka biya. Ki koma ki karanta hirarrakin 36 ɗin ɗaya bayan ɗaya, ki ga a wace gaɓa suka yi shiru.

Batun tsara lokacin wallafa kuwa, manhajar Meta Business Suite tana yi miki shi kyauta a Facebook da Instagram, har da tara saƙonninsu wuri ɗaya. Insights za ta nuna miki awannin da mabiyanki suka fi hawa. Ki sake dubawa da azumi da gabanin sallah, don lokutan mutane suna sauyawa. In kin ƙara TikTok, wata manhajar tsara wallafa mai suna Buffer tana da tsarin kyauta na shafuka uku, da abubuwa goma a jere ga kowane shafi.

Ranar da kika ɗauki yara biyu ko uku masu amsa saƙo, ko kika fara riƙe wa wasu 'yan kasuwa shafukansu suna neman rahoto duk wata, ki dawo mu yi maganar manhajar kuɗi, da littafin nan a hannunki.