Hukuncin Harbin Wanda Ya Doso Gida Tun Daga Nesa Idan Gari Ya Rikice

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kumasi, ina zaune a Aboabo. Gidana mai bene ne, iyalina a sama, 'yan haya a ƙasa. Labaran rikicin Bawku da na Burkina Faso sun hana ni barci. Wani abokina ya ce zai samo mini bindiga mai madubi, mai cin nisa, ta bayan fage. In gari ya rikice, ba 'yan sanda ba gwamnati, sai in hau saman bene, duk wanda ya doso gidan in sauke shi tun kafin ya iso. Ya ce ai wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Shari'a ta yarda da haka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya kwantar maka da hankali. Kare rai da iyali da dukiya halal ne, hadisin da abokinka ya kawo kuwa ingantacce ne, ba za mu tsaya a kansa ba. Inda tambayarka ta karkace shi ne "tun kafin ya iso". Abin da ka siffanta haramun ne, kuma in ka kashe mutum a haka, jininsa yana wuyanka.

Wanda shari'a ta ba ka damar tunkuɗewa shi ne wanda ya riga ya kawo farmaki a zahiri. Shehu Khalil a Mukhtasar ya ce ana tunkuɗe shi ne bayan an gargaɗe shi, in mai fahimtar magana ne, kuma ba a nufin kashe shi sai an san ba abin da zai tsayar da shi sai kisa. Ya ƙara da cewa ko rauni ba za ka yi masa ba in kana iya kauce masa ba tare da wahala ba. To ka dubi bindigar da ake yi maka talla. Amfaninta kaɗai ta kai inda muryarka ba ta kai. Mutumin da ke can bakin kwata, wanda ba zai ji ka ce "na haɗa ka da Allah ka koma" ba, ta yaya ka gargaɗe shi? Ta yaya ka san abin da ke hannunsa adda ce ko jarkar ruwa?

Akwai masu cewa in hukuma ta faɗi, sharuɗɗan nan sun faɗi tare da ita, lalura ta halatta kowa ya zama alƙalin kansa. Wannan magana ba ta da tushe. Nasa'i ya ruwaito cewa wani ya tambayi Annabi (SAW) game da mai son ƙwace masa dukiya. Ya ce masa ya tunatar da shi Allah. In ya ƙi, ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa. In babu, ya nemi hukuma. Sai mutumin ya ce in hukuma ta yi nisa fa? A nan ne aka ce ya yi faɗa. Rashin hukuma mataki ɗaya ya cire, na farko da na biyu suna nan daram. Wasu kuma suna kafa hujja da hadisin mai leƙe ta kafar ƙofa da aka halatta tsone masa ido. Shi wannan ya riga ya keta alfarmar gida, ga shi a bakin ƙofa, an san abin da yake yi. Duk da haka malamanmu na Malikiyya sun ɗora wa wanda ya nufi idon da gangan alhaki. Balle ran wanda laifinsa kawai ya biyo layinku. Lalura tana halatta mushe ga mai jin yunwa, ba ta taɓa halatta jinin wanda ake zato ba. Hasali ma hadisan zamanin fitina sun fi karkata ga kame hannu: a ruwayar Abu Dawud daga Abu Musa an yi umarni a karya bakuna, a tsinke tsarkiyarsu.

Ka tambayi dattawan Aboabo da Asawase shekarar 1983, lokacin da fari da gobarar daji suka haɗu da dawowar mutane kimanin miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya. Waɗanda suka riƙa buga ƙofofi a lokacin, mafi yawansu garin kwaki suke nema. In gari ya rikice, irinsu ne za su fi doso gidanka: maƙwabciya da goyo, almajiri, ɗan hayarka da ya makara a kasuwar Kejetia. Kuma ka san yadda gidajen Zango suke, bango a jikin bango, rufin kwano. Harsashin irin wannan bindiga in ya kuskure ba ya tsayawa a titi. Annabi (SAW) ya umarci mai wucewa da kibau a kasuwa ko masallaci ya riƙe kaifinsu don kada ya karce wani Musulmi.

Batun bayan fage kuwa, yau ba a rikice ake ba, akwai hukuma. Dokar Ghana ba ta yarda a riƙe bindiga ba sai da lasisi daga 'yan sanda, kuma bin wannan doka wajibi ne a kanka. In aka kama ka, 'ya'yan da kake son karewa za su kwana ba uba, sannan a ƙara shafa wa Zango baƙin fenti. Abokin nan naka ka bincika mene ne ribarsa a cinikin.

Kuɗin da ka ware ka gyara ƙofa da katanga, ka sa fitila, ka ajiye hatsi da ruwa da magani har da rabon 'yan hayarka. Annabi (SAW) ya yabi ƙabilar Ash'ariyyawa saboda in abinci ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu su raba daidai. Ka je wajen limaminku da Sarkin Zango ku tsara sintirin unguwa da sanin 'yan sanda. In kuwa, Allah ya kiyaye, wani ya fasa ƙofarka da makami, ka kare iyalinka da abin da ya tsayar da shi, in ya juya da gudu kada ka bi shi da harbi.

Kuma Alhaji, ka rage kallon bidiyoyin nan na WhatsApp bayan Isha'i. Rashin barcin da ka ambata ka gaya wa likita. Wallahu a'alam.