Ajiye girandar nan, ba a sassaƙe takalmi don ya shiga maɗauri

Kai yaro, ka ce mutumin ya kawo takalmin Telemark, wato na zamiya a kan dusar ƙanƙara da dunduniya a sake, irin mai faffaɗan baki kamar na agwagwa, da maɗaurin NTN, ƙarfen da ke riƙe takalmi a kan katakon zamiya, da ya saya a intanet, kana tambayata ko za a rage bakin da giranda har ya shiga. Ba za a rage ba. Wanda ka gani a wayarka yana yin haka ba shi zai ɗauki asara ba in ƙafar mutum ta karye a kan dutse.

Juya takalmin ka duba. Na tsarin milimita 75 ne, faɗin bakinsa ke nan, ga ramuka uku a ƙasa inda fil uku na maɗauri ke shiga, sannan ƙarfe ya danne daga sama, wani kuma a ƙara masa waya mai zagaya dunduniya. Shi kuwa NTN, sabon tsarin maɗaurin Telemark wanda kamfanin Rottefella ya fito da shi a 2007, baki yake kamawa ta gaba, sai ƙugiya ta cafki wani tudu da aka yi a tsakiyar tafin takalmin, bayan inda yatsu ke lanƙwashewa. Wannan na hannunka ba shi da tudun. Ko ka sassaƙe bakin ya koma kamar tsinke, me ƙugiyar za ta kama?

Tambayarka ma ta tayar mini da wani miki. Tun ba ka zo Norway ba, lokacin shagon nan bai kai rabin haka ba, wani mutum ya shigo ana gab da hutun Ista, lokacin da kowa ke rububin hawa duwatsu, aiki ya yi mana katutu. Ya zo da sabon katakon zamiya ko ledarsa ba a cire ba, da sabon maɗaurin NTN da ya ce in zaɓa masa a cikin kayana, da takalmi lamba 27. Na karɓi takalmin da hannuna, na auna tsakiyarsa, na ɗauko babban maɗauri tunda shi ya dace da lambar, na huda katako, na ɗaura. A gabansa na sa takalmin, ƙugiya ta kama ƙam, na lanƙwasa shi gaba da baya, ya yi murmushi, ya biya, har da cewa bai taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba.

Bayan hutu sai ga shi yana ɗingishi, yana ɗaga murya tun daga bakin ƙofa, ga mutane cike da shago. Wai maɗaurina ya sake shi a gangara, saura kaɗan ya halaka. Ya dangwarar da takalmi a kan teburina. Ina dubawa na ga lamba 25 ne. Launi ɗaya, kamfani ɗaya, amma ba shi ba ne. Na ce masa, malam, wannan ba shi ka kawo mini ba. Ya dubi tsabar idona ya rantse cewa shi ne, bai taɓa mallakar wani ba. Wallahi har yau in na tuna yadda ya faɗi maganar ba ko ƙifta ido, sai in ji ƙirjina ya yi zafi. Ba ni da takarda, ba ni da shaida, a lokacin amana muke aiki da ita. Ga ni baƙo, ga shi ɗan gari, ga masu saye sun zuba ido. Na ce to bari in sauya masa ƙaramin maɗauri a kyauta. Ya ƙi. Ya san abin da yake yi sarai: in takalmi ya ragu da lamba biyu, tsakiyarsa ta matsa da kusan santimita guda, sabbin ramuka za su faɗa dab da tsofaffi, katakon ya yi rauni. Sabon katako ya nema, da sabon maɗauri, kuma sai da ya samu. Ribar kusan wata guda ta tafi, a lokacin da nake tara kuɗin da zan tura gida. Daga baya wani abokin sana'a ya gaya mini ashe mutumin nan wa ɗan uwansa ya fara sayen kayan, suka ɓata, ya ga ya mayar da su nasa da kuɗina. Ɗingishin ma na ƙarya ne, a makon na gan shi yana gudu ya kama jirgin ƙasa. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

To shi ya sa kake gani ina sa ka rubuta sunan takalmi da lambarsa a kati, mai shi ya sa hannu, ka ɗauki hoton takalmin a cikin maɗauri. Kai kana ganin tsufa ne ke damuna, har kana tura baki. Ku yaran yanzu hoton abincinku kuna ɗauka sau goma, hoton da zai cece ku daga sharri kuwa sai an roƙe ku.

Kuma ka riƙe wannan, don ko takalmi da maɗauri duk NTN ne, ba a gama ba. Maɗaurin girma biyu ne, ƙarami da babba, saboda tudun nan ba wuri ɗaya yake ba a ƙaramin takalmi da babba. A takalman kamfanin Scarpa ƙarami ya tsaya a 26, babba ya fara daga 26.5, sauran kamfanoni ka duba takardarsu, kada ka yi kirdado. Sannan akwai masu kama baki da fil biyu ta gefe, irin Meidjo na Faransa da Lynx na 22 Designs a Amurka. Waɗannan sai takalmin da aka dasa wa ƙananan ramukan ƙarfe a gefen baki, kuma ba kowane takalmin NTN ke da su ba. Takalmin masu zamiya da dunduniya a kulle shi ma yana da ramukan, amma ba ya lanƙwashewa a wajen yatsu, don haka ba na Telemark ba ne, ko mai shi ya yi kuka.

NNN BC da Xplore, wasu tsarin maɗauri ne guda biyu, kowanne gidansa daban, na tafiya ne a sarari da ƙananan tuddai da takalmi mai laushi. Na farkon, sandar ƙarfen da ke bakin takalminsa ta fi ta NNN, tsarin masu zamiya a kan gyararriyar hanya, kauri da faɗi, ba sa shiga juna. Wannan ko ɗan koyo na mako guda ya sani.

Yanzu koma kan mutuminka. In yana son takalminsa, ya mayar da maɗaurin inda ya saya, mu ba shi na 75. Ka auna kaurin bakin kafin ka ɗauko, don na fata sirara ne, na roba kuwa, irin wanda Scarpa ya fara yi a 1992, kauri gare shi, ba kowane ƙarfe ke rufuwa a kansa ba, kuma takalmi mai nauyi haka waya yake so, fil uku kaɗai sai su yage ramukan. Maɗaurin 75 akwai na dama akwai na hagu, ka duba alamar. Zancen gam da ɗaure sukuri ba zan ɓata bakina ba. In kuma maɗaurin yake so, ya sayo takalmin NTN ya kawo shi nan, ƙafa biyun, ba lamba a waya ba. Kafin nan kada ka huda masa ko rami ɗaya. Jeka kira shi.