Amsa kan Jarome Iginla: shin rashin Kofin Stanley ya rage masa daraja?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka ci karo da sunan Jarome Iginla a cikin jerin 'yan wasan da ke da tushe a Najeriya, ka ga ana kiransa gwarzon wasan hokin ƙanƙara, amma ka lura bai taɓa ɗaga Kofin Stanley ba, wato kofin zakarun NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, shi ne kake son sanin ko yabon ya dace da shi ko kuwa zuzutawa ce kawai. Na yi zaman aiki a birnin Calgary na Kanada a shekarun da yake kyaftin ɗin ƙungiyar Flames, na kalle shi da idona a filin Saddledome, kuma amsata ita ce yabon ya dace da shi ƙwarai. Sai dai dalilin ba zai fito ba sai an san irin ƙungiyar da ya yi wa wasa da kuma zamanin da ya yi wasan.

Batun asali gaskiya ne, amma kada mu ja shi fiye da yadda yake. Mahaifinsa Bayerabe ne da ya je Kanada yana matashi, mahaifiyarsa kuma Ba'amurkiya ce. An haifi Jarome a Edmonton ranar 1 ga Yulin 1977, ya tashi a garin St. Albert a hannun mahaifiyarsa da kakanninsa, kuma a wasannin ƙasa da ƙasa Kanada ya yi wa wasa duk rayuwarsa. Ya taso a lokacin da baƙaƙen fata a gasar NHL 'yan ƙalilan ne, shi ya sa Grant Fuhr, mai tsaron ragar Edmonton Oilers, ya zame masa abin koyi yana yaro.

Ga wanda bai saba da wasan ba, kowace ƙungiya tana da mutum shida a kan ƙanƙara har da mai tsaron raga, abin da ake bugawa kuma ɗan faifan roba ne mai tauri, amma zan riƙa ce masa ƙwallo don sauƙi. A zamaninsa ana buga wasa 82 a kaka, kuma ana ba ɗan wasa maki ɗaya idan ya ci, ɗaya idan ya bayar aka ci. Saboda tsananin gudu, ɗan gaba ba ya wuce kamar minti ɗaya a ciki sai ya fita ya huta wani ya shiga, don haka ko gwanin gwanaye kusan kashi ɗaya cikin uku na wasan kawai yake bugawa. Sauran lokacin yana zaune ne yana kallon abin da abokansa za su iya. Ka riƙe wannan, domin a nan ne rabin amsar tambayarka take.

Iginla ya ci Kofin Memorial na matasa sau biyu a jere da Kamloops Blazers, a 1994 da 1995. Dallas Stars suka zaɓe shi na 11 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1995, amma kafin ya buga musu ko wasa ɗaya suka miƙa shi ga Calgary a musayar da ta kai musu Joe Nieuwendyk. Ya iso Calgary a daidai lokacin da ƙungiyar ke gangarowa. Dalar Kanada ta yi rauni, ana biyan albashi da dalar Amurka, manyan 'yan wasa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ƙungiyar ta yi kaka bakwai a jere, daga 1997 zuwa 2003, ba ta shiga zagayen neman kofi ba. A cikin wannan hali ne ya yi kakar 2001-02, wadda a ganina ita ce hujja mafi ƙarfi a kansa. Ya ci ƙwallo 52 ya tara maki 96, ya zo na ɗaya a duka biyun, a zamanin da tsaron baya ya yi tsauri har waɗanda suka biyo bayansa a cin ƙwallo suka tsaya a 41. Tun daga 1981 har 2001 mutum uku ne kaɗai suke karɓar kyautar Art Ross ta wanda ya fi maki, wato Wayne Gretzky da Mario Lemieux da Jaromir Jagr, kuma Iginla ne ya katse wannan jeri, ya kuma zama baƙar fata na farko da ya karɓe ta. 'Yan wasa 'yan'uwansa suka zaɓe shi gwarzon shekara. A ƙuri'ar 'yan jarida ta kyautar Hart kuwa, wadda ake ba ɗan wasan da ya fi amfani ga ƙungiyarsa, ya yi kunnen doki da Jose Theodore, mai tsaron ragar Montreal, aka ba Theodore saboda ya fi yawan waɗanda suka sa shi a matsayi na farko. Mutanen Calgary ba su daina jin zafin wannan ba, ni ma ina tare da su.

Alƙaluma ba sa nuna yadda yake samun ƙwallayen nan. Wanda ya zauna kusa da gilashin da ya kewaye filin shi yake gani. Ƙwallo za ta maƙale a kusurwa, mutum biyu su danne shi a jikin katanga har ka ji ƙarar allon tana tashi, shi kuwa ya buɗe ƙafafu, ya juya musu baya, ya riƙe sandarsa da hannu ɗaya yana kare ƙwallon, ɗayan hannun yana ture mai tsaron baya, sai ka ga ya fito da ita ya nufi raga. Idan ya samu sarari a gefen dama, bugunsa yana da nauyi da sauri, mai tsaron raga bai gama shiri ba ta wuce. Kuma idan aka taɓa abokin wasansa, shi da kansa yake jefar da safar hannu ya yi dambe, abin da taurari da yawa ke bar wa wasu. Ni ban cika son faɗan da ake yi a wasan nan ba, amma na ga yadda hakan yake ɗaga zuciyar ƙungiya gaba ɗaya.

Sai maganar 2004, shekarar da kofin ya kusa zuwa hannu. An naɗa shi kyaftin a 2003 bayan Craig Conroy ya sauka ya bar masa, Darryl Sutter yana horarwa, Miikka Kiprusoff yana tsaron raga. Ba wanda ya sa Calgary a lissafi, amma suka fitar da Vancouver, suka fitar da Detroit, suka fitar da San Jose, dukkansu zakarun rukunoninsu. A kowane zagaye ƙungiyar da ta fara cin wasa huɗu cikin bakwai ita ke wucewa, kuma a wasa na bakwai da Vancouver Iginla ne ya ci biyu daga cikin ƙwallaye ukun Calgary. Duk daren da aka yi nasara, titin 17th Avenue yakan cika da jama'a sanye da jajayen riguna har mota ba ta iya wucewa, kuma a ofis washegari ba a wata hira sai ta wasan. A karon ƙarshe da Tampa Bay ya yi dambe da Vincent Lecavalier a wasa na uku. A wasa na biyar, cikin ƙarin lokaci, hular kwanonsa ta faɗi, ya ci gaba da wasa a gajiye liƙis, ya buga ƙwallon da mai tsaron raga ya tare ta dawo, Oleg Saprykin ya ƙarasa ta. Calgary ta koma gida saura nasara ɗaya. A wasa na shida ƙwallo ta bugi takalmin Martin Gelinas ta nufi raga ana dab da tashi, mai tsaron raga ya tare ta da ƙafa a kan layi, kuma har yau ana gardama ko ta tsallake. Ba a ba da ita ba, Martin St. Louis ya ci wa Tampa a ƙarin lokaci na biyu, sannan suka ci wasa na bakwai 2-1. Iginla ya gama zagayen da ƙwallo 13, fiye da kowa.

Domin adalci, a wasanni biyun ƙarshen nan bai ci ko ɗaya ba, Tampa sun rufe shi, kuma masu sukarsa suna kawo wannan. Suna kuma kawo cewa daga 2006 zuwa 2009 Calgary tana faɗuwa ne a zagayen farko duk shekara. Sukar tasu tana da tushe, ban raina ta ba. Amma ina tambayar masu ita su ambaci ɗan tsakiya ɗaya na sahun farko da ya daɗe yana ba shi ƙwallo a Calgary. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abokan hamayya sun san idan suka tsare mai lamba 12, wato Iginla, sun gama rabin aikinsu, duk da haka ya ci aƙalla ƙwallo 30 a kaka goma sha ɗaya a jere, har ya sake kaiwa 50 a 2007-08.

Idan kana son ganin abin da yake yi idan aka haɗa shi da tsaransa, ka dubi wasanninsa na ƙasa. A gasar Olamfik ta Salt Lake City a 2002 ya ci biyu a wasan ƙarshe da Kanada ta doke Amurka 5-2, zinarenta na farko a wasan maza cikin shekara 50. A Vancouver a 2010 ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da guda biyar, kuma a ƙarin lokacin wasan ƙarshe, ana ture shi yana faɗuwa a jikin katanga, ya ji Sidney Crosby ya ƙwala masa kira, ya tura masa ƙwallon da ta ba Kanada nasara 3-2. Ka ƙara da zinaren gasar matasa ta duniya a 1996, da gasar duniya a 1997, da Kofin Duniya na hoki a 2004.

Ƙarshen aikinsa neman kofi ne da bai zo ba. A Maris na 2013 Calgary ta yi musayarsa, ya zaɓi Pittsburgh a kan Boston, sai Boston ta fitar da Pittsburgh da wasa huɗu babu ko ɗaya. Ya koma Boston ya ci ƙwallo 30, Montreal ta fitar da su. Daga nan Colorado, sai Los Angeles na ɗan lokaci, ya sanar da ritaya a Yulin 2018 da wasa 1,554, ƙwallo 625 da maki 1,300. Daga ciki 525 ya ci wa Calgary, kuma har yanzu ba wanda ya kamo shi a ƙungiyar.

Akwai abin da ya taɓa ni a matsayina na uba. Kayan wasan nan suna da tsada sosai, takalmin ƙanƙara da hular kwano da sanduna da kuɗin rajista, yaro kuma yana girma ana sake saye, shi ya sa 'ya'yan baƙi da masu ƙaramin ƙarfi da yawa suke kallo daga nesa. Iginla ya ɗauki alkawarin ba ƙungiyar KidSport, mai biya wa yara irin waɗannan kuɗin shiga wasanni, dala 1,000 kan kowace ƙwallo da ya ci, daga baya ya mayar da ita 2,000, ya kuma yi shekaru yana cikawa. An ba shi kyautar King Clancy a 2004 saboda jagoranci da hidimar jama'a.

Game da kofin kuwa, ba shi kaɗai ba ne. Marcel Dionne ya ci ƙwallo 731, Mike Gartner ya ci 708, kuma ba wanda ya ɗaga Kofin Stanley a cikinsu, alhali akwai 'yan wasan benci da sunansu ke rubuce a jikinsa fiye da sau ɗaya saboda sun dace da ƙungiya mai ƙarfi. Calgary ta rataye lamba 12 a rufin Saddledome a Maris na 2019, ba mai sake sa ta, sannan kwamitin zauren gwarazan hoki da ke Toronto ya zaɓe shi a 2020, shekarar farko da ƙa'ida ta ba da damar a zaɓe shi.