Tambaya da Amsa: Maigidana ya dawo daga daji amma barci ya gagara

TAMBAYA: Mama, salama a gare ki cikin sunan Yesu. Masu garkuwa ne suka ɗauke maigidana a hanyar gona, muka sayar da ɗan abun da muke da shi muka biya, Allah ya dawo mana da shi da rai. Toh amma tunda ya dawo kamar an canza shi, baya barci, ko ƙarar mashin yaji sai ya zabura, coci ma ya daina zuwa wai Allah ya manta da shi. Likita ya rubuta masa magani amma wani mai addu'a a unguwarmu yace aljanin daji ne ya biyo shi, wai mu zubar da maganin mu sayi man shafawa a wurinsa tunda shan magani rashin bangaskiya ne. Dan Allah Mama ya zan yi?
Daga wata 'yar'uwa a Sabon Tasha

AMSA: Sannu 'yata, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Kar ki zubar da maganin nan, irin waɗannan magunguna in aka yanke su rana ɗaya abun yakan dawo fiye da da, likitan da ya rubuta shi kaɗai zai ce a rage ko a daina.

Shi wannan mai addu'ar, ki tambaye shi a wace aya ya gani. Yakubu 5:14 cewa tayi mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya suyi masa addu'a su shafa masa mai da sunan Ubangiji, ba'a sa wa man farashi ba, kuma a Matiyu 10:8 Yesu da bakinsa ya faɗa wa almajirai kyauta suka samu su bayar kyauta. Luka da ya rubuta mana bishara guda ai likita ne, Bulus ma haka ya kira shi a Kolosiyawa 4:14. Su kansu 'yan mishan da suka zauna a Wusasa ai coci da asibiti suka gina kusa da juna, ga asibitin St. Gerard nan a Kakuri na Katolika, ko su ma duk basu da bangaskiya ne?

Ni dai labarin Iliya nake so ki zauna ki karanta, 1 Sarakuna sura 19. Mutumin da ya roƙa wuta ta sauko a Dutsen Karmel, shine sarauniya Yezebel ta aika masa da barazana ya gudu jeji ya zauna gindin wani itace yana cewa Allah ya ɗauki ransa ya huta. Kin ga abun da Allah yayi masa kuwa? Bai ce masa ina bangaskiyarka ba, bai ce ya shiga azumi ba, mala'ika ya aiko da abinci da ruwa, yaci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci, sai daga baya a Dutsen Horeb aka zo maganar me kake yi a nan. Mu kuwa mutum ya fito daga hannun 'yan bindiga yau, gobe mun miƙa masa makirofon a coci wai ya bada shaida, in ya kasa muce yayi sanyi a ruhaniya. Haba jama'a.

Firgitar nan da rashin barci, likitoci sun san su sarai a wurin wanda ya ga bala'i, jiki ne bai yarda an tsira ba tukuna. Maganar Allah ya manta da shi kuma kar ki tsorata ko kiyi ta masa wa'azi, Dawuda ma ya faɗi irinta a Zabura 13.

Ki samu fastonku ko dattijo ɗaya da maigidan ya yarda da shi ya riƙa zuwa gida, ba taron jama'a da ihu tsakar dare ba, mutum ɗaya mai iya zama yayi shiru ya saurara sannan suyi addu'a gajeriya. Ku koma wurin likitan ku gaya masa yadda dare yake wucewa, in ya tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ku tafi, na san abun da mutane ke kiran wurin, ki toshe kunne. In kuwa kika ji ya fara maganar gara ya mutu, ranar nan ku kai shi, kar a jira Lahadi. Ke ma 'yata ki samu mace ɗaya a zumuntar mata mai riƙe sirri ki riƙa sauke mata naki, don na san ke ma ba barcin kike ba.