Dattijuwa ta yarda mun ɗauki muryarta, amma 'ya'yanta sun ce a sauke: wa ke da iko da labarin?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu matasa ne da muka haɗu muna ɗaukar tarihin rayuwar dattawanmu domin yara su san su, zumunci kuma ya ƙara ƙarfi. Wata dattijuwa ta ba mu labarin mutuwar aurenta na fari, har ta ambaci sunayen waɗanda take zargi. Mun ɗora wani ɓangare a Facebook, yanzu gidaje biyu ba sa ga maciji, 'ya'yanta kuma sun ce mu sauke. Ai ita da bakinta ta yarda. Hankalina ya tashi, ina tsoron aikin ya ruguje.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ku sauke shi yau ɗin nan. Niyyarku mai kyau ce, kuma aikin ba zai ruguje ba idan kuka gyara da wuri.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne wannan jimla ta "ai ta yarda", domin kusan kullum sai na ji ta daga bakin masu wannan aiki, kuma ita ce ke janyo mafi yawan ɓarnar da nake gani. Yarda a yi hira daban take da yarda a yaɗa. Tsohuwar da ta zauna da yaran da ta sani tun suna goye, da ku take magana, hankalinta bai kai kan dubban baƙin da za su saurare ta a waya ba. Duk wanda ya daɗe yana hira da dattawa ya san cewa in zance ya yi zurfi sukan manta da na'urar gaba ɗaya, sai su faɗi abin da suka shekara da shekaru suna haɗiyewa. Sau da yawa ma kunya da kara ne ke sa su ce "to" tun farko. Sannan mutanen da ta ambata fa, wa ya nemi yardarsu? Wasunsu sun rasu, ba su da bakin kare kansu, jikokinsu ne aka bari da ɗaukar maganar.

Ba na ɓoye takaicina game da waɗanda ke cusa wa tsofaffi waya a fuska, su yanko daƙiƙoƙin da hawaye ya zubo, su ɗora kiɗa mai sosa rai domin tara mabiya, sannan su ce suna adana tarihi. Ba na sa ku cikinsu, sai dai hanyarsu kuka bi ba tare da kun sani ba.

Ka duba yadda StoryCorps ke yi, shirin da Dave Isay ya kafa a Amurka a 2003. Mutum biyu da suka san juna suna hira ta kusan minti 40, a ba su kwafinsu, kuma sai da izininsu ake kai hirar ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka a ajiye. Mutum ba ya sanin abin da ya amince a fitar sai ya san abin da ya fita daga bakinsa, shi ya sa izinin da ake nema bayan hira ya fi na kafin hira nauyi.

Kada kuma tsoro ya sa ku koma yi wa mutane alkawarin sirri wanda ba ku da ikon cikawa. Masu bincike a ƙarƙashin Kwalejin Boston sun yi hira da tsofaffin mayaƙan rikicin Ireland ta Arewa bisa alkawarin ba za a fitar da komai ba sai bayan mutuwarsu. A 2011 hukumomi suka nemi kasakasan ta hanyar shari'a, kotu ta sa aka miƙa wasu, kuma a 2014 aka tsare Gerry Adams, shugaban jam'iyyar Sinn Féin a lokacin, wanda aka ambaci sunansa a hirarrakin, aka yi masa tambayoyi na kwanaki kafin a sake shi ba tare da tuhuma ba.

Ku koma wurin Baba, ku kunna mata hirar daga farko har ƙarshe, ba a gaban taro ba, ku bar ta ta zaɓi abin da kowa zai ji, da abin da iyali kaɗai za su ji, da abin da za a rufe zuwa wani lokaci. Ikon nata ne, ya fi na 'ya'yanta, ya fi naku. Idan ba ta karatu, ku ɗauki amincewarta da muryarta. Ku gaya mata gaskiya cewa magana zarar bunu ce, saukewa ba za ta dawo da abin da wasu suka riga suka kwafa ba. Asalin hirar kada ku yanke shi, ku ajiye shi a wurare biyu, sai fa idan ita ta ce a goge. Daga nan ku nemi babban da gidajen biyu ke jin nauyinsa ya raka ku ku ba su haƙuri, kuma kada ku ɗauki wata sabuwar hira sai kun kammala wannan.