Daga ɗakin gwaje-gwaje zuwa bankin zuba jari, zai yiwu kuwa?

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya. Ni dai na yi digiri na biyu a kimiyyar haɗa magunguna, ina aikin bincike amma wallahi abin ya fita raina, kullum jiran kuɗin bincike ake, kwantiragi ya ƙare ba ka san ko za a sabunta ba. So nake in koma bankin zuba jari irin su Goldman Sachs, sai dai ko akanta ban taɓa karantawa ba. Na makara ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ba ki makara ba, amma kar ki yar da kimiyyar nan taki, ita ce jarinki.

Waɗannan bankunan aikinsu shi ne su shiga tsakani in wani kamfani zai sayi wani, ko zai fara sayar da hannun jarinsa a kasuwa, ko zai nemo bashi mai yawa. 'Yan kimiyya sun daɗe da shiga, Emanuel Derman masanin fiziks ne ya koma Goldman Sachs a 1985, to amma wannan ƙofar ta masu lissafi mai zurfi ce da iya rubuta manhaja da Python ko C++. Ke taki ƙofar daban, wato sashen da ke kula da kamfanonin magani da lafiya, ko masu nazarin hannun jarin irin waɗannan kamfanoni. Duba dai, a 2023 Pfizer ta sayi kamfanin magani na Seagen kan dala biliyan 43, kafin a yanka irin wannan farashi ai sai an sami wanda zai zauna ya karanta sakamakon gwajin magungunan cutar kansa ya ce wannan zai samu amincewar hukuma wancan kuma da wuya, kuma wanda ya karanta harkar kuɗi zalla ba kasafai yake iya wannan ba.

Abin da ba ki da shi kuwa a 'yan watanni ana koyonsa in an dage. Ki iya karanta bayanan kuɗin kamfani guda uku, na riba da asara, na kadara da bashi, da na shige da ficen kuɗi, ki san yadda suke haɗuwa, ki ƙware a Excel, ki iya ƙiyasta darajar kamfani daga kuɗin da ake sa ran zai samu nan gaba. A intabiyu wannan za su tambaye ki, sannan su ce me ya sa banki, don Allah kar ki ce kin gaji da bincike ne, nan take za su ajiye takardarki.

Jarrabawar CFA, wato ta samun shaidar ƙwarewa a nazarin harkar kuɗi, mataki uku ce, kowanne ana so a ba shi kamar awa 300 na karatu, ta fi amfani ga mai nazarin hannun jari. MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, kan tsallakar da mutum matakin farko na aikin banki amma tsada gare ta, ni ba zan ce ki ci bashi dominta ba tun ba ki gwada nema da digirin hannunki ba.

Sai maganar wahala. A 2021 wasu sabbin ma'aikata 13 na Goldman Sachs sun fito sun ce sama da awa 90 suke aiki a sati, barci kamar awa 5. Albashin da tsoka, ba musu, amma da lokacinki da lafiyarki ake biya, kuma in kasuwa ta faɗi sallama ake yi ba sani ba sabo. Kafin ki ajiye aikinki ki nemo masu digiri irin naki a LinkedIn da suka riga suka koma, ki tambaye su ƙarfe nawa suke tashi daga ofis.