Wai da gaske roba za ta ƙara wa intanet gudu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya ne a Farm Centre, jiya muna hira a rumfa sai yaron shagona da ke karatu a BUK ya ce wai turawa na bincike a kan wata roba da za ta riƙa sarrafa hasken da ke ɗauko mana intanet, muka yi ta dariya har na ce to mu kwaso bokitan Sharada mu kai musu. Gaskiya ne ko shirga mana ita ya yi?

AMSA: Wa alaikumussalam, Allah ya ba da kasuwa. Yaronka bai shirga ba, amma dai a bar bokitan a Sharada.

Ka san datar da kake ja haske ce ke gudu a cikin zaren gilas, wato faiba, irin igiyar Equiano da ta sauka Legas a 2022. To lesar da ke ba da hasken a kunne take kawai, sai an samu abin da zai riƙa ƙyafta shi kamar mai wasa da tocila, kunnawa 1 kashewa 0, sau biliyoyi a daƙiƙa. Sunansa modileta. Raba hasken yake gida biyu, a ba wa hanya ɗaya wuta sai hasken cikinta ya ɗan yi jinkiri, in suka sake haɗuwa ko su ƙarfafa juna, wato 1, ko su kashe juna, wato 0. Wani Bajamushe Friedrich Pockels ne ya yi bayanin yadda wuta ke canza tafiyar haske haka tun 1893.

Shekara da shekaru wani ƙiristal ake sa wa modiletar, litiyom nayobet, ƙarfinsa na canza tafiyar haske in an ba shi wuta a ma'aunin masana wajen 30 ne, ita kuwa robar nan ta haura 100, wasu ma ɗaruruwa. Ma'ana wuta kaɗan take ci kuma na'urar ta ƙanƙance. A 2000 Larry Dalton da abokan aikinsa a Amurka sun yi wadda ke aiki da ƙasa da bolt ɗaya, a 2019 kuma masana a jami'ar ETH ta Zurik suka kai gudun gigahaz 500, wato sau biliyan 500 a daƙiƙa.

Haɗin ne ya fi burge ni wallahi. Wani irin rini ake zubawa cikin roba garai-garai, kai ka ce Ƙofar Mata, kowane ƙwayar rinin yana da kai da wutsiya amma a warwatse suke kowa ya fuskanci inda ya ga dama, a haka ba sa tsinana komai. Sai a ɗumama robar ta yi laushi, a buga mata wuta mai ƙarfi, wajen bolt 100 a kan kaurin da bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na silin gashi ba, nan take su daidaita sahu, sai a sanyaya ta wutar na kunne su daskare a haka.

To nan fa gizo ke saƙa. Da zafi ya yi yawa sahun zai fara watsewa, ga iska da hasken kansa suna cin rinin a hankali, kai ma ka ga yadda jan bokiti ke koɗewa ya yi fari ya tsage in ya sha ranar Afrilu a tsakar gida. Kamfanonin sadarwa kuma ba sa wasa, sai kaya ya jure digiri 85 na awanni dubbai kafin su saurare shi. Da yawan binciken yanzu a kan wannan yake, ba a kan gudu kawai ba. Ga shi tsohon ƙiristal ɗin ma bai zauna ba, a 2018 masana a Harvard sun fito da shi siriri a kan cif yana gudu da wuta kaɗan, ni dai ban yi saurin cewa roba ta ci gasar ba duk da kamfanoni irin su Lightwave Logic sun dage a kanta.

Kar ka sa ran ganinta a teburinka kana sa mata iska mai zafi, a manyan rumbunan data take da aiki. Netwok ɗin da ke maƙale maka bayan magariba kuma cunkoso ne a eriyar unguwa. Yaron nan ka saya masa fura mai kankara, kun ci bashinsa dariya.